Ledar da Ba Ta Shiga Faranti Ba

Masu turo min saƙo kuna cewa a labarin nan kullum ni ce mai gaskiya, to ku gyara zama. Yau kaina zan tona wa asiri, kuma ba tausayi nake nema ba.

Ga wanda yau ya fara bin mu: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, sana'ata haɗa bidiyo. Wata uku da suka wuce na ajiye aikin da nake yi a wani shagon ɗaukar hoto, na ce zan dawo gida in riƙa karɓar aiki da kaina. Umma ta yi faɗa har ta gaji. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi min.

"Uwata, kin san aikin, ko so kike a ce kin sani?"

Na ce na sani. Ya ce shi ke nan. A kan wannan "na sani" ɗin na ƙi sayen haɗaɗɗiyar kwamfuta, na riƙa sayo kayanta ɗaya bayan ɗaya, na ce da hannuna zan haɗa ta.

Sai kuma Dogo. Haka na ajiye lambarsa a wayata, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. A sashen kwamfuta na wani asibiti yake aiki, wata bakwai ke nan yana zuwa wurina. Manyansa sun nemi a ba su rana su zo su ga Baba, Baba ya ce a ba shi sati biyu ya yi nazari. Umma ta daɗe da gama nata nazarin. Kullum da safe sai ta tuna min cewa duk 'ya'yan ƙawayenta sun tafi, ni kaɗai na rage ina wasa da wayoyin lantarki. Ni kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ina son sa. Ban taɓa gaya masa ba, amma ina son sa.

Dole in ba ku labarin farantin Baba, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana gyaran firji kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Yana da wani tsohon farantin silba da ya lotsa a gefe guda. Duk abin da ya cire daga jikin inji, ko sukuru ne, ko guntun waya, ko ƙonannen fis, cikin farantin nan yake sa shi, in mai kaya ya zo ya tura masa gabansa. Ya ce mai abu yana da haƙƙin ganin abin da aka cire masa. A kan wannan muka tashi. Ko ƙwan fitila ka canza a gidanmu, tsohon sai ya kwana a faranti.

Ranar Asabar na shimfiɗa tsohon zani a kan teburin cin abinci, na jera kwalaye, na aro farantin Baba na ajiye a hannun damana. Komai ya tafi lafiya lau. Na zaunar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a gurbinta. 'Yar aba ce da ba ta kai tafin hannun jariri ba, amma in tana aiki zafi take yi sosai, shi ya sa ake ɗora mata kula: wani dunƙulen ƙarfe mai fanka a jiki, gindinsa na jan ƙarfe yana manne da bayanta yana janye zafin. Tsakaninsu ana ɗiga wani mai launin toka don su haɗu sosai. Duk wannan na san shi kamar sunana.

Ina cikin matsa man nan, ɗan ƙaramin da ya zo a kwalin, wayata ta yi ƙara.

*Na taso. In zo da sukundireba ko kina da shi?*

Na dubi saƙon, na dubi tebur. Abin da ya faɗo min a rai shi ne: in ya iso ban gama ba, har abada Yaya zai riƙa cewa saurayina ne ya haɗa min. Na rubuta masa *Ina da komai*, na fizgo kular daga kwalinta, na kifa ta a kan furosesa, na soma ɗaura sukurori cikin gaggawa. Ina jin tsayuwar motarsa na ruga ɗaki na canza mayafi, na sa mai launin ruwan zuma da 'yan duwatsu a bakinsa, na goge man da ya ɓata min yatsa a jikin tsohon.

Ya yi sallama ya sunkuyo, farar riga mai dogon hannu, ya naɗe hannun zuwa gwiwar hannu. Ya gaida Baba har ƙasa, ya gaida Umma, ya miƙa wa Yaya hannu. Sannan ya leƙa cikin akwatin kwamfutar ya bi wayoyin da ido.

"Ke kika jera wayoyin nan?"

"A'a, aljanu ne."

"To aljanun sun iya aiki," in ji shi.

Umma tana bakin ƙofar kicin tana ta yi min alama da ido, wai in ba shi wani abu ya taɓa, kada ya ji kamar ba a bukatarsa. Na yi kamar ban gani ba. Ta yi gyaran murya. Na miƙa masa sukundireba.

"Ga sukurori huɗun kula nan, ka ƙarasa ɗaure su. Hannuna ya gaji."

Ya ɗaure su a hankali, wannan kusurwa sannan mai kallonta, kaɗan-kaɗan, har suka zauna daidai. Iyakar abin da ya taɓa ke nan a duk kwamfutar. Ku riƙe wannan.

Na danna maɓalli, fankoki suka juya, sikirin ya kawo haske. Umma ta ce masha Allah sau uku. Yaya ya ce, "Ashe Injiniya ba ƙarya take ba." Baba kuwa na ga ya gyaɗa kai, kuma a wurin Baba wannan kyauta ce babba. Na kwashi farantin da abin da ke ciki na kai ɗakina na tura ƙarƙashin tebur, ban ko duba ba.

Ranar Litinin na zauna aikin farko, bidiyon bikin yaye ɗalibai na wata makaranta, an ba ni zuwa ƙarshen mako. Akwai wata 'yar manhaja da ke nuna zafin furosesa a gefen sikirin. Ban taɓa komai ba, tana nuna digiri sittin da biyar. Na ce ƙila don sabuwa ce. Na buɗe aikin, ta haura tamanin. Na danna a fitar da bidiyon, sai lambar ta koma ja: casa'in da biyar, casa'in da takwas, ɗari. Fanka ta ɗauki kuka, hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa, can sai ɗif, komai ya ɗauke.

Umma ta ɗaga labule. "Auta, jirgi ne zai tashi a ɗakin nan?"

"Gwaji nake, Umma."

Babu abin da ban gwada ba a kwana biyun nan. Na cire murfin gefe na saita mata fankar ɗaki. Na juya fankokin akwatin, na gaba su shigo da iska, ta baya ta fitar. Na duba wayar fankar kula ko a ramin da ya dace na soka ta, a nan take. Na shiga saitin ciki na ce fankoki su yi gudu iyakar ƙarfinsu. Na ɗauke ta daga lungu na kai ta gindin taga. Duk a banza. Wani abu ma da ya ɗaure min kai, in na taɓa ƙarfen kular sai in ji shi da ɗan sanyinsa, alhali lamba tana cewa ɗari. Har Yaya na yi wa ƙorafin haka a gaban Baba. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban ɗaga kular ba, don in an ɗaga sai an sake sa sabon mai, nawa kuwa ya ƙare.

Ranar Talata da rana muna cin abinci, Yaya ya fara.

"Injiniya, in ce ko za a iya dafa ƙwai a kan injin naki? Gas ɗinmu ya kusa ƙarewa."

"Ka bar ta mana," in ji Umma, amma ita ma murmushi take.

"Ni fa na faɗa tun farko. A je shago a sayo haɗaɗɗiya, aka ce a'a, mu mun sani."

Kalmar nan "mun sani" ita ta soke ni. Baba yana zaune a kan kujerarsa yana jin mu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ai matsalar daga kula ce. Kuma kowa ya gani, ba ni na ɗaure ta ba."

Baba ya ajiye cokali.

"Yaron nan ne ya ɗaure?"

"Shi ne," na ce, idona a kan abincina.

"Ba sana'arsa ba ce?"

"Ita ce."

"Sukuru huɗu," Baba ya ce a hankali. "Hmm."

Umma ta harare ni kamar ta jefe ni da kofi. Duk wanda ya san Baba ya san zai iya yafe wa mutum talauci, zai iya yafe masa muni, amma ba ya yafe wa mai sana'ar da ke aikin ganin dama. Kuma a cikin sati biyun nazari muke.

Da yamma Dogo ya turo saƙo, don na gaya masa tana zafi, ban dai gaya masa abin da na ce a tebur ba.

*Ƙarfen kular yana zafi in kin taɓa?*

*A'a.*

*To zafin ba ya isa gare shi ke nan. Kada ki ji haushi, tambaya ce kawai. Akwai wata leda da ke manne a gindin kula in sabuwa ce. Kin ɓare ta?*

*Wace iri ka ɗauke ni? Ita na fara cirewa.*

*Yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ni ma na taɓa mantawa, shi ya sa.*

Wallahi a lokacin da na rubuta, na ɗauka gaskiya na faɗa. Amma tambayar ta ƙi barina. Ranar Laraba da hantsi na jawo farantin Baba daga ƙarƙashin tebur na zazzage shi a kan gado. Ga baƙin murfin gurbin furosesa. Ga ledoji biyu manya na gilashin gefe. Ga guntayen igiyar ɗaure waya, ga bututun man da na matse. Na bi su ɗaya-ɗaya har sau uku. Na juye kwalin kular, na duba cikin tsohon zanin, na duba kwandon shara. Ni da ko fatar alewa na ɓare a lokacin aiki sai na sa ta a faranti, da na cire ledar nan da tana ciki.

Na zauna a bakin gado na dafe kai, na tuna saurin da nake yi, na tuna ƙarar motarsa.

Me ya kamata in yi? Na sani, ku ma kun sani. In tashi in je falo in ce Baba, ni ce. Taku goma ne daga ɗakina. Amma abin da na ƙulla daban: in fita a ɓoye in sayo mai, in ɗaga kular, in ɓare ledar, in ce ta gyaru da kanta. Har na sa takalmi, sai ga Yaya ya shigo ya tsugunna yana zare wayoyin kwamfutar.

"Lafiya?"

"Baba ya ce a kai ta teburin falo. Ya kira mutumin naki, gobe da la'asar zai zo ya kwance a gabansa. Ya ce kada kowa ya taɓa, wanda ya ɗaure shi zai kwance."

Haka ta wuni a tsakiyar tebur an rufe ta da tawul, Baba yana kujerarsa yana karanta jarida a gefenta. Na wuce ta gabansa ya fi sau goma. Kowane wucewa sai in buɗe baki, sai in ji wannan tambayar tasa ta wata uku da suka wuce, sai in ce, "Baba, in kawo maka shayi?" Ranar ya sha shayi har ya ce ya isa haka.

Alhamis Umma ta shigo ɗakina da kanta ta zaɓar min kaya, doguwar riga ruwan toka da farin mayafi. Tana gyara min wuyan rigar tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke dai bakinki ya ja mana. Yaro mai hankali, mai kunya, kin je kin kai shi gaban mahaifinki a kan sukuru. In ya ce a'a, ki sani ba ni da bakin da zan sake roƙonsa. Kin san halinsa, in ya rufe magana ya rufe."

"Na sani, Umma."

"Kullum kin sani."

Dogo ya iso ana idar da la'asar, daga wurin aiki, katin asibitin ma yana rataye a wuyansa. Ya zo da 'yar jaka: sabon mai, auduga, da ƙaramar kwalbar ruwan goge ƙarfe. Bayan gaisuwa Baba ya nuna masa tebur, ya tura farantin silba, wanda na riga na juye na wanke, zuwa gefen kwamfutar.

"An ce kai ka ɗaure. Bismillah, kwance mu gani. Abin da ka cire ka sa a nan."

Dogo ya ɗan dube ni. Ba kallon tuhuma ba, kallon mai son ya gane inda aka kwana. Na kawar da kai.

"To, Baba," ya ce. "A ɗan haska min."

Ni na riƙe fitilar waya. Baba yana kujerarsa ta ɗaya gefen teburin, Yaya a tsaye a bayansa, Umma a bakin ƙofar kicin da tawul a hannu. Dogo ya kwantar da akwatin, ya zare wayar fanka, ya sassauta sukurorin yadda ya ɗaure su, wannan kusurwa sannan waccan. Yana ciro kowanne yana sa shi a faranti, ƙarar faɗuwarsu kaɗai ake ji. Ya ɗan murɗa kular hagu da dama don man ya saki, ya ɗago ta, ya juyo gindinta wajenmu.

Ga ta nan. Leda fara ƙal, man toka ya dame a kanta, gefenta ya ɗan tattare saboda zafi, da jan rubutu ɓaro-ɓaro mai cewa a cire kafin a ɗora. Hasken fitilata yana kanta sosai, kamar don ita na kunna.

Ya dube ta, ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba.

Ya ɗauki auduga ya rufe gindin kular da ita kamar mai goge mai, ya sa farcen babban yatsa ya ɓare ledar a ƙarƙashin audugar, ya dunƙule ta a tafin hannu. Audugar ya jefa a faranti. Hannun kuma ya kai aljihun wando kamar mai neman hankici.

"Me ka gani?" in ji Baba.

"Ƙarfen bai haɗu da furosesa ba, Baba. Shi ya sa zafin ba ya fita."

"Laifin wa?"

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Ina so ku sani sarai cewa an ba ni dama. Dogo ya yi jinkiri kamar na numfashi biyu, kuma na tabbata ni ya bar wa. Na tsaya ƙiƙam da fitila a hannu, bakina kamar an ɗinke.

"Nawa ne, Baba," ya ce. "Ni na ɗaure ban duba ba. Ya kamata in ɗaga in gani kafin in sa sukuru. A yi haƙuri."

Yaya ya ce, "Kai, ashe likitan ma yana ciwo." Babu wanda ya yi dariya.

Dogo ya goge jan ƙarfen har yana ƙyalli, ya goge bayan furosesa, ya ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiya. Sannan ya miƙo min kular.

"Ke za ki ɗora. Taki ce."

Na ɗora, na ɗaure, shi ya riƙe fitila. Aka haɗa sikirin aka kunna. Talatin da takwas. Na buɗe bidiyon makarantar na danna a fitar, muka zuba wa lambar ido mu biyar. Ta hau sittin da bakwai ta tsaya a nan, fanka tana juyawa shiru kamar ba ta nan. Aikin da ya gagare ni kwana uku ya fita a minti goma sha ɗaya.

Ya tattara jakarsa, ya ƙi zama shan lemon da Umma ta kawo, wai an kira shi a wurin aiki. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama.

"Ka gaida manyanka," in ji Baba. "Ka ce gobe za su ji daga gare ni."

Ba a cika sati biyun ba, saura kwana huɗu. Umma ta juya ta shige kicin, na ji ta tana ajiye tukwane da ƙarfi. Na raka shi bakin ƙofa. "Ki gama aikin mutane," kawai ya ce, ya sunkuya ya fita.

Na mayar da kwamfutar ɗaki na zauna da mayafin a jikina. Ga kwamfuta ta gyaru, ga sunana ya fita fes a gidan, Yaya ma har ya leƙo ya ce, "Injiniya, na janye maganata." Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan yammacin ba. Mutum ya zubar da mutuncin sana'arsa a gaban wanda yake neman 'yarsa, don kawai kada a yi min dariya a tebur, ni kuma na haska masa fitila. Kuma gobe Baba zai kira mutanensa ya ce a'a.

Rana ba ta faɗi ba na tashi. Baba yana bayan gida a ɗan ɗakin da yake ajiye tsofaffin kayan aikinsa, yana zaune a kan benci, farantin yana kan cinyarsa. Audugar ce kaɗai a ciki.

Na durƙusa. "Baba, ina da magana."

"Ina ji, Uwata."

"Ba laifinsa ba ne. Akwai leda a gindin kular, ni na manta ban cire ba. Sauri nake kada ya zo ya tarar ban gama ba. Tun jiya na gane, na yi shiru. Kada ka ce musu a'a saboda ni."

Na zaci zai yi mamaki. Ko gira bai ɗaga ba. Ya sa yatsa ya ɗan juya audugar a cikin farantin.

"Shekara talatin da ɗaya ina kallon hannun masu gyara," ya ce. "Bayana ne ya lalace, idona lafiyarsa ƙalau. Na ga jan rubutu, na ga inda hannunsa ya tafi. Tun ranar da kika ce wa yayanki ƙarfe da sanyi, ciki da zafi, na san akwai abin da ya shiga tsakani, kuma sukuru ba ya shiga tsakani."

"To me ya sa ka kira shi, Baba?"

"Don in ga abin da zai yi. Kuma in ga abin da za ki yi."

Hawaye ya zubo min, ban share ba.

"Ya karya min doka, ya sa abin da ya cire a aljihu. Wannan tsakanina da shi ne, zan ja masa kunne. Amma nazarina a kansa na gama shi yau, shi ya sa ban ga amfanin jiran kwana huɗu ba." Ya ɗago ya dube ni. "Ke ce ban gama da ke ba. Na tambaya laifin wa, kina tsaye. Yau a kan leda ne. Gobe in kuna gida ɗaya, a kan me za ki bar shi ya ɗauka? Mutanen nan za su tambaye ni ko na ba su, ni kuma ban sani ba ko ina da 'yar da zan iya ba wa irin wannan yaron in kwana da hankalina a kwance."

Ya juye audugar a kwandon shara, ya miƙo min farantin.

"A tebur kika ɗora masa, a tebur za ki sauke. Ki karɓo abin da aka cire ki sa a nan, ki kawo gaban uwarki da yayanki, shi ma yana zaune. Kafin azahar ɗin gobe. Daga nan zan san abin da zan gaya wa manyansa."

Na dawo ɗaki da faranti a hannu. Umma ta bi ni da ido daga kicin, ban tsaya ba. Na zauna a bakin gado na ɗauki waya, na rubuta na goge ya fi sau biyar, daga ƙarshe na tura masa gajere.

*Ledar tana wurinka? Ina bukatarta. Na gaya wa Baba gaskiya.*

Bai daɗe ba ya amsa.

*Tana aljihuna. Mantuwa ba komai ba ce, na gaya miki ni ma na taɓa yi. Ko da za a maimaita yau, haka zan sake yi.*

Na sauke ajiyar zuciya. Ban gama sauke ta ba wani saƙon ya shigo.

*Abu ɗaya nake so in sani kafin in kawo. Lokacin da nake kwance sukurorin nan a gaban Baba, kin riga kin san abin da zan tarar?*

Jama'a, ƙarya ɗaya ce ta rage min a duniya, kuma mai sauƙi ce. Baba ne kaɗai ya san tun Laraba na gane, kuma Baba ba zai taɓa faɗa ba. In na ce a'a, gobe zai zo da murmushinsa, ledar ta shiga faranti, magana ta wuce.

Na dubi farantin da ke kan cinyata, babu komai a ciki sai lotsawar nan ta gefe. Na rubuta: *Na sani. Tun jiya da hantsi.* Na tura.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe yana yi, ya sake tsayawa.

Ga ni nan zaune har yanzu da mayafin a kaina. Kwamfuta tana nuna talatin da takwas, ana kiran magariba, kuma wayar ba ta sake motsi ba.